Kwalin Littattafan 'Yan Aji Shida

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Ban taɓa ganin falonmu a irin wannan lokaci ranar aiki ba. Ashe rana tana shigowa ta taga har ta kai ƙafar tebur. Shekara goma sha ɗaya muna gidan nan, sai yau na sani.

Inna tana baranda tana tsince shinkafa na shigo. Ta dube ni, ta dubi agogon hannunta da ya daɗe da tsayawa, ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, an ce in ɗan huta. Ta ce, "Wa ya ce masu kin gaji?" Na wuce ɗaki.

Wasiƙar tana cikin jaka. Layi bakwai ce. Firinsifal ne ya miƙo min ita a ofis, idonsa a kan fanka. Ya ce kada in shiga aji, kada in tsaya a harabar makaranta, sai kwamiti ya zauna. Na ce darasin ƙarfe goma fa? Ya ce za a san yadda za a yi.

Saura kwana ashirin da huɗu 'yan aji shida su rubuta jarrabawar labarin ƙasa. Su arba'in da biyu ne. A takardar da ta shafi mutane da mazauninsu ba a ba da maki don surutu. Cewa za a yi kawo wuri guda da ka nazarta, sai ka kawo shi da lambobinsa da dalilansa da abin da ya biyo baya. Misalai uku na cikin littafi ba mu yi bitarsu ba. Yaran sun raɗa masu suna don su riƙe su: Birnin Kwano, Ƙasar Kakanni, da Garin Kwal.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Na yi guga, na shirya tsaf har takalmi, sannan na tuna.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Malamin lissafi ya zo a babur ɗinsa. Tun daga ƙofa ya fara.

"Malama, ajinki suka ba ni. Ni duk abin da na sani a labarin ƙasa shi ne duniya kewayayya ce, shi ma ji na yi ana faɗa."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi, karon farko tun Litinin.

Mun shirya haka: kullum zan rubuta shafi ɗaya, ya biyo da safe ya karɓa, ya kwafe masu a allo. Abin da suka tambaya ya rubuto min a bayan takardar. Wasiƙar ta hana ni shiga makaranta, ba ta hana ni rubutu a teburina ba. Sai da na sake karanta ta sau biyu don in tabbatar.

Na ba shi shafin farko, Birnin Kwano: unguwar da ta tsiro a gangaren dutse ba tare da tsari ba, a gefen wani babban birni na bakin teku. Mutum dubu ɗari shida, famfo ɗaya ga gida arba'in. Me ya koro su daga ƙauye, me ya janyo su birni, me hukuma ta yi, me bai yi aiki ba. Ya karanta ya ce ashe akwai lambobi a ciki, to shi da sauƙi.

Ya ce Lauya ta tambaye shi ina nake har sau uku. Lauya ita ce mai zama a bencin gaba kusa da taga. 'Yan aji suka sa mata sunan, saboda ba ta barin magana ta wuce sai ta ji hujjarta. A shekara goma sha tara da na yi ina koyarwa, irinta ba su fi uku ba.

Na ce ya gaya mata lafiyata lau.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Kwalin yana kan kabad. Littattafan rubutu arba'in da biyu. Ban taɓa shi ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko don ni kaina, tun ban fara shakkar abin da na gani ba. Manhaja ce ta ce ɗalibi ya nazarci wuri guda na kusa da shi. Na rubuta neman izini, firinsifal ya sa hannu. Wata Asabar a watan jiya muka taka zuwa unguwar da ke bayan kamfanin fenti, tafiyar minti ashirin daga makaranta. Na raba su uku-uku. Tambaya biyar a kowane gida: ku nawa ne, daga ina kuka zo, me ya kawo ku, ina kuke ɗiban ruwa, wane ciwo ya fi damun gidan. Ta biyar ɗin ni na ƙara ta. Babu ita a littafi.

Kwatar da ke fitowa ta ƙarƙashin katangar kamfani shuɗiya ce ranar. Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta ce mu dawo Laraba in muna son ganin ja.

Gida ɗari da tamanin da shida suka shiga. Ban taɓa ganin yaran nan sun yi aiki kamar ranar ba. Har wanda ke barci a bencin baya sai da na janyo shi daga wani gida, ya zauna yana jin labarin yadda rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Ranar Litinin muka haɗa lambobin a allo, kowa ya kwafi jadawalin a littafinsa. Bayan mako guda na karɓi littattafan na kawo gida in duba.

Kafin in karɓe su, wani ya riga ya ɗauki hoton shafi ɗaya da waya. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Firinsifal ya kira. Talata, ƙarfe goma. In zo da littattafan yaran.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Maigida ya dawo daga gareji tun kafin azahar, hannunsa tas. Ranar Asabar ne manyan motocin kamfanin fenti ke zuwa masa, shekara shida ke nan ba fashi, kuma ba ya dawowa sai magariba, baƙin mai har gwiwar hannu. Ban tambaya ba. Shi ma bai faɗa ba.

Muna cin abinci ya ce, "Malama." Haka yake kirana in yana son tsokana, ko in magana ta yi masa nauyi. "In littattafan suke so, ki ba su mana. Ai ba naki ba ne."

Na ce gaskiya ne, ba nawa ba ne.

Ya jira in ƙara wani abu. Na tashi na ɗauko masa ruwa.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Yau Ƙasar Kakanni nake rubutawa. Ina karantawa a fili don in ji inda ya yi tsauri: ƙasar da haihuwa ta ragu, rai ya yi tsawo, mutum ɗaya cikin uku ya haura sittin da biyar, ana rufe makarantun firamare ana mai da su gidajen kula da tsofaffi.

Inna ta ɗago daga baranda ta ce, "Tsofaffi sun fi yara yawa?"

Na ce e.

Ta ce, "To wa ake aike?"

Na sa tambayarta a ƙasan shafin, na ce su amsa ta da layi biyar. Ta fi wadda ke cikin littafin.

Saura goma sha bakwai.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 3:40 na yamma

A ɗakin karatu suka zauna. An ture teburan yara gefe, an bar min kujera ɗaya a tsakiya. Su uku: firinsifal, wata mata daga ofishin ilimi, da wani mai agogon zinare da aka ce wakilin iyaye ne. Na san iyayen makarantar nan, ban taɓa ganinsa ba. Ta tagar bayansa ina hango sabon ɗakin gwaje-gwaje, da allon ƙarfen da ke jikinsa mai ɗauke da sunan kamfanin fentin da ya gina mana shi.

Mai agogon ya turo min wayarsa. Jadawalinmu ne, layi na biyar an zagaye shi da jan biro. Ya ce hoton ya zagaya gari, har ya kai inda bai kamata ya kai ba. Ya ce rubutun wa ne?

Lambar bakwai mai sanda a tsakiya. Haruffa masu jingina hagu kamar iska na kaɗa su. Shekara uku ina duba rubutun nan.

Na ce yara arba'in da biyu ne suka kwafi jadawali ɗaya daga allo.

Ya ce, "Shi ya sa muke son littattafan."

Na ce na manta su a gida. Duk mun san ƙarya ce. Firinsifal ya koma kallon fanka.

Akwai kuma takarda da suke so in sa wa hannu, cewa lambobin atisayen aji ne kawai, yara ne suka ƙirƙira. Na karanta na ajiye. Matar ofishin ilimi ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, har ruwa ta tura min. Ita ce ta ce duk ɗalibin da aka samu ya fitar da shafin za a cire sunansa daga masu zama jarrabawa har a gama bincike. Na ce binciken zai kai yaushe? Ta ce irin wannan ba a sa masa rana.

Sun ba ni mako guda.

Da na fito 'yan aji shida suna hutu. Na bi ta bayan ofis don kada su gan ni.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Na wanke labule duka. Babu komai.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Lauya ta zo, da kayan makaranta a jikinta. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta shigo falo ta tsaya, ta ƙi zama.

"Malama, ni ce na..."

Na ce, "Kawo min abu uku da ke koro mutum daga ƙauye."

"Malama, don Allah ki saurare ni."

"Uku."

Ta ce fari, ƙarancin gona, rashin asibiti. Na ce uku da ke janyo shi birni. Ta kawo. Na ce ta zauna. Ta zauna a bakin kujera, ta sake buɗe baki, na ce mata abin da kunnena bai ji ba, ba wanda zai ce in maimaita shi. Ta daɗe tana kallona. Yarinyar tana da kai, ta gane.

Mun yi awa ɗaya a kan Garin Kwal: garin da ya rayu da haƙar kwal shekara tamanin, aka rufe ramin, rabin mutanen suka tashi cikin shekara goma, waɗanda suka zauna suka gaji da tari da ruwan da ba ya shayuwa. Na ce mata in tambayar masana'anta ta fito, wannan za ta rubuta. Ta ce amma manhaja ta yarda da wurin da mutum ya nazarta da ƙafarsa. Na ce na sani. Ta ce to ina hujjar? Na ce hujjar ita ce babanki.

Babanta ne mai gadin babbar ƙofar kamfanin. A bayan kamfani suke zaune, layi na uku daga kwatar.

Ba ta yi gardama ba. Ban taɓa ganin ta bar magana haka ba, kuma ban ji daɗin ganin ba.

A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ni so nake wani ya gani kawai."

Na ce ta gaida mutanen gida.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Motocin ba su zo ba.

Maigida ya gyara famfon kicin, ya gyara ƙyauren gida da ke kuka tun bara, ya kwance rediyon Inna ya mayar. Inna ta ce in aka ƙara mako guda a haka, ita ma kwance ta zai yi ya sa mata sabbin gwiwoyi.

Ya yi dariya. Daga baya na same shi a ɗaki yana kallon saman kabad. Da ya ji motsina sai ya ce ƙofar kabad ɗin ma ta karkace.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Wani dattijo ya yi sallama bayan la'asar. Siriri ne, hularsa a hannu, takalminsa ya sha goga. Ya ce shi ne baban Lauya, ya ma faɗi sunan da dariya, ya ce a gida ma haka suke kiranta yanzu. Maigida ya shigo da shi falo, na kawo shayi.

Ya yi maganar zafi, ya yi maganar tsadar mota, ya tambayi jikin Inna. Ya ce shekararsa goma sha bakwai a ƙofar nan, ba a taɓa samunsa da barci ba. Ya ce saura shekara uku ya ajiye aiki. Na zauna ina jiran ya roƙe ni wani abu, ina shirya amsa.

Ya juya kofin a hannunsa ya ce, "Malama, na ga takardar a wayar wani direba. Na san hannun. Ni na koya mata bakwai ɗin nan."

Sai ya ci gaba.

"Abu ɗaya na zo in gyara. Yaran da suka shiga gidana, matata ta ce masu yara biyu ne ke tari. Uku ne. Kunya ta ji, ta rage ɗaya. Kuma ba ita kaɗai ta rage ba a layinmu."

Ya shanye shayin, ya yi godiya, ya sa hularsa. Bai ce in ɓoye komai ba, bai ce in bayar ba. Maigida ya raka shi har titi, ya daɗe bai dawo ba.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Na sake yin guga. Yau da sanina.

Saura goma.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Zaman bai kai minti goma ba. Kujera ɗaya a tsakiya, su uku.

Na ce ba zan ce na manta ba yau. Littattafan suna gidana, ba zan kawo su ba. Takardar kuma ba zan sa mata hannu ba, saboda yaran ba su ƙirƙiri komai ba, in ma akwai kuskure to ragi ne. Tun a bas nake maimaita maganar a raina.

Mai agogon ya ce na san abin da nake yi kuwa? Na ce na sani daidai gwargwado. Matar ofishin ilimi ta rubuta wani abu mai tsawo. Firinsifal ya ce zan iya tafiya.

A hanya na sayi biro biyu da lemo. Ban san dalilin lemon ba, babu mai shan sa a gidan.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na kai Inna asibiti duba gwiwa. Layin ya yi tsawo, sai uku muka dawo. Muka tarar da kofuna biyu a baranda, maigida yana zaune yana goge wata sukurudireba da ba ta da datti.

Ya ce mataimakin firinsifal ya zo da masinja.

"Na ce masu matar gidan ba ta nan. Suka ce ba komai, kwali kawai za su ɗauka, kayan makaranta ne. Na ce ko tsintsiya ba ta fita gidan nan sai ta sani. Na ba su ruwa mai sanyi. Sun zauna rabin awa, muka yi hirar motar mataimakin, tana cin mai. Na ce ya kawo ta in duba masa."

Na ce, "Ba kai ka ce in ba su ba?"

Ya ce, "Ke na ce ki ba su. Ban ce su zo su ɗauka ba."

Inna ta ce a taimaka mata ta zauna, ƙafarta na ciwo, kuma ita ba ta ga abin kuka a nan ba. Ban san ina yi ba sai da ta faɗa.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Malamin lissafi ya zo karɓar shafi. Yanzu har gardama yake min. Ya ce a Birnin Kwano hukuma ta yi kuskure da ta kwashe mutane zuwa bayan gari, nesa da aikinsu, ai dole su dawo. Na ce abin da ake so yaran su faɗa ke nan. Ya ce to a yi masa rajistar jarrabawar shi ma.

Ya ce jiya firinsifal ya shigo ajin ba zato. Takardata tana kan tebur, rubutuna ɓaro-ɓaro. Ya ɗauka, ya karanta har ƙasa. Sai ya dubi allo ya ce, "Malam, shekarar rufe ramin kwal ɗin ka juya lambobin." Ya ajiye takardar ya fita.

Shekara tara ina aiki da firinsifal ɗin nan. Ban san inda zan ajiye shi a raina ba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Wasiƙa ta biyu. Layi huɗu. An mai da ni wata makaranta a ƙarshen gari, bayan tashar manyan motoci, 'yan aji ɗaya da biyu. In fara Litinin mai zuwa. Ba a ambaci littattafai ba, ba a ambaci wani ɗalibi ba. Na duba bayanta ma ko akwai.

Bas biyu ne daga nan. Maigida ya ce awa ɗaya da rabi in babu cunkoso, kuma kullum akwai.

Na zaci zan ji wani abu babba. Yunwa na ji. Na ci abinci sosai.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Shafi na ƙarshe. Ban sa sabon abu ba. Ku karanta tambaya sau biyu. Wuri ɗaya, lambobi uku, dalili, sakamako. Wanda ya manta lamba kada ya ƙirƙira, ya faɗi abin da ya tabbatar. Ku karya kumallo.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Rumfar jiran bas da ke tsallaken makaranta ba harabar makaranta ba ce. Tun sha ɗaya muna can, ni da maigida, kwalin a bayan motarsa. Shi ya sauko da shi daga kan kabad da safe, ya share ƙurar da hannun rigarsa.

Sha biyu da 'yan mintuna suka fara fitowa. Wata ta hango ni ta yi ihu, sai ga su sun tsallako titi gaba ɗaya, har mai babur ya zage su. Kowa yana magana lokaci guda. Da ƙyar na gane tambayar: ta amfani da wuri guda da ka nazarta, bayyana yadda masana'anta ke shafar mutanen da ke zaune kusa da ita. Maki ashirin.

Na ce, "Garin Kwal dai kuka rubuta?"

Aka shiga kallon juna. Mai barcin bencin baya ne ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, wallahi na fara shi, lambobin suka gudu. Na bayan kamfani kuwa ko a barci aka tashe ni zan kawo su. Ɗari da tamanin da shida."

Na ce su nawa suka yi haka? Hannuwa suka tashi a hankali. Na ƙirga, halin aiki. Talatin da ɗaya. Takardun nan ba makaranta za su kwana ba, an riga an rufe su a buhu, wasu malamai ne a wani gari za su duba su.

Maigida ya buɗe bayan mota. Na riƙa kiran suna ina miƙa wa kowa littafinsa, na ce su yi haƙuri ban gama dubawa ba. Wata ta ce kamfani ya fara rufe kwatar da kankare tun shekaranjiya. Wani ya ce rufewa dai, ruwan yana nan yana bi ta ƙasa.

Lauya ce ta ƙarshe. Ba ta ɗaga hannu ba ɗazu. Ta karɓi littafinta ta tura shi can ƙasan jaka ba tare da ta buɗe ba.

"Garin Kwal na rubuta, Malama. Kamar yadda kika ce."

"Lambobin fa?"

Ta jero su duka, har da shekarar, babu kuskure. Za ta ci takardar nan fiye da kowa. Sai ta ce, "Ni kaɗai ce a cikinsu nake kwana a can, kuma ni ce ban rubuta shi ba."

Na ce mata babanta yana kan aikinsa a ƙofar kamfani yau da safe, kuma gobe ma yana can. Na ce akwai karatu a gaba, inda za ta ƙirga abin da ta ga dama ta sa sunanta a ƙasa. Ban sani ba ko ta yarda. Ta goge ido da bakin mayafinta ta ce, "Ina hujjar?" Muka yi dariya mu biyu, ba mai yawa ba.

Maigida ya ce ta shigo mu sauke ta. Ta ce za ta taka, ba nisa.

Litinin, 2 ga sabon wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Tafiyar awa biyu saura kwata. Maigida ya kai ni tashar farko, daga can ya wuce wurin masu tasi, an ce suna neman mai duba masu motoci.

Aji ɗaya, su sittin da uku, benci ashirin. Babu taswira a bango, allon ya tsage a tsakiya. Na rubuta labarin ƙasa a sama da tsagin. Kafin in juyo wata 'yar ƙarama mai giɓi ta ɗaga hannu.

"Malama, laifin me kika yi aka kawo ki nan?"

Aji ya fashe da dariya. Ta ce ai gaskiya ne, duk malamin da aka kawo masu sai da ya yi wani abu.

Na ce, "Ƙirga na yi."

Ta ce, "Ba daidai ba?"

Na ce, "Kusan daidai."

Ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. Na ce kowa ya fito da littafinsa, wanda ba shi da biro ya ɗaga hannu. Goma sha huɗu. Gobe zan zo da su.